Tsohuwar adafta: yadda za ka gwada ta, ka ba na'urorinka wuta da ita lafiya

Duk wanda ya fara haɗa 'yan na'urori da hannunsa, ko fankar kwali ce mai ƙaramin moto, ko fitilar LED, ko allon Arduino irin wanda ɗaliban kwalejojin fasaha na Ƙaura Namoda da Talata Mafara ke aikin makaranta da shi, ya san kuɗin batir ne ke fara karya masa gwiwa. Batir mai 9V, ko da mai kyau ne, abin da ke cikinsa bai wuce wajen 500mAh ba, Arduino Uno kuwa shi kaɗai yana shan kusan 50mA. Kafin awa goma ya mutu. Alhali da wuya ka shiga gida ka rasa adafta a yashe: ta dikodar da ta lalace, ta rauta, ta kyamarar tsaro, ko cajar wayar da aka daɗe da sayarwa. Masu gyaran rediyo da talabijin a babbar kasuwar Gusau suna da su kwali-kwali, haka ma 'yan jari bola, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Adafta katanga ce tsakanin hannunka da wutar NEPA. Wutar da ke bango 230V ce, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. A cikin adafta akwai taransifoma mai naɗin waya biyu waɗanda ba su taɓa juna: ɗaya yana ɓangaren NEPA, ɗaya yana ɓangarenka, maganaɗisu ne kawai ke ƙetarawa tsakaninsu. Muddin katangar nan tana tsaye, za ka riƙe 5V ko 12V da hannu ba ka ji komai ba. In ta rushe, wayar da ka ɗauka 12V ce tana ɗauke da wutar bango. Wutar da ta kai 30mA in ta ratsa ƙirji tana iya kisa, kuma mutumin da ke zufa da bazara, ƙafa ba takalmi a kan siminti, shi ya fi kowa saurin kamuwa.

Wadda za ka ɗauka da wadda za ka bari

Ka fara da ido da hanci da kunne. Roba ta tsage, ko ta narke a gefe, ko ta yi baƙi kusa da haƙora? Bar ta. Ka shinshina: warin ƙuna ba ya ɓuya ko bayan shekara. Ka girgiza ta a kunne, in wani abu yana karkaɗawa a ciki to dalma ce ko wani yanki ya ɓalle, kuma yana iya faɗawa ya haɗa ɓangarorin nan biyu. Haƙoran da ke shiga soket kada su yi lilo. Wadda aka taɓa buɗewa aka ɗaure da salatif ko aka liƙe da gam, da wadda ta kwana a ruwan damina a bola, su ma ka bar su. Cajar waya maras nauyi kamar fanko, wadda ba sunan kamfani ba lamba, ita ce aka fi samu da siririyar katanga. Araha ba ta ado a nan. Adaftar da ta zo tare da dikoda ko rauta ko kwamfuta daga kamfani ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba, ko da ta tsufa.

Kada ka buɗe ta. A cikin adafta mara nauyi ta zamani akwai kafasita mai rubutun 400V, wadda ke tara kusan 325V idan an jona ta a 230V, kuma tana iya riƙe wannan wutar bayan an zare ta daga bango. Duk aikin da za ka yi, a kan siririyar wayar da ke fitowa za ka yi shi.

Akwai wani abu da yara masu basira ke yawan yi wanda ya fi komai haɗari, shi ne ciro ɗan allon caji daga cikin fitilar caji, ko tocila mai haƙora biyu da ake sokawa a bango, ko raket ɗin kashe sauro, ko ƙwan LED na gida. Da yawa daga cikin waɗannan ba su da taransifoma sam. Wata kafasita ce ja ko ruwan ƙasa, da resista, da dayod huɗu, suke rage wutar. Mitar awon wuta irin ta masu gyara za ta nuna maka 4V ko 5V tsakanin wayoyin biyu, ka ce ai ƙaramar wuta ce, amma tsakanin kowace waya da ƙasan da kake takawa ana iya samun wutar bango sukutum. Kamfani ya yi su ne a rufe cikin roba inda hannu ba ya kaiwa. Da zarar an fito da su an jona wa fanka ko fitilar da yaro zai taɓa, an ajiye tarko a ɗaki. In ka ga ƙaninka da irin wannan, ka karɓe ka ba shi adafta.

Abin da rubutun jikinta ke faɗa

Layin INPUT shi ne abin da take karɓa. In ka ga 100-240V, ta yi, kuma irin wannan ita ta fi dacewa da mu, don ko wuta ta zo ba ƙarfi tana ci gaba da ba da abin da aka rubuta. In ka ga 220V ko 230V, ita ma ta yi. In ka ga 120V ko 110V kaɗai, ta Amurka ce da ta biyo kayan gwanjo, tana shiga soket ɗinmu za ta yi hayaƙi.

Layin OUTPUT shi ne abin da take bayarwa, misali 12V 1A. Ka duba alamar da ke tsakani. Miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa, ko harufan DC, ita kake nema. Layi mai lanƙwasa kamar maciji, ko harufan AC, wannan wuta ce mai kai da komo, ana samunta a wasu tsofaffin modem da sifika, kuma za ta lalata allon da ke son DC. Sai ɗan zanen da ke da + da − da rabin da'ira a tsakiya: yana nuna ko ramin tsakiyar kan adaftar shi ne fozitib. A yawancinsu haka ne, amma ba duka ba. Murabba'i a cikin murabba'i yana nufin an ninka mata kariya, ba ta buƙatar wayar atin.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne tsakanin bolt (V) da amfiya (A). Bolt dole ya zo daidai da abin da na'ura ke so: ka ba abin 5V wuta 12V, ya ƙone nan take. Amfiya kuwa kamar ruwan rijiya ne, yawansa ba ya cika guga fiye da cikinsa. Na'urar da ke shan 0.3A za ta sha 0.3A ɗinta ko adaftar mai 1A ce ko mai 5A. Matsala tana zuwa ne idan adaftar ta gaza abin da ake nema.

Don haka ka tara lissafin kayanka. A ce adaftar dikoda ce 12V 1A, kana son ta juya fankar kwamfuta mai shan 0.2A, ta kunna tsirin LED samfurin 3528 mai ƙwai 60 tsawon mita ɗaya, wanda ke shan 0.4A. Jimla 0.6A, ta ɗauka. In tsirin samfurin 5050 ne, mita ɗaya kaɗai yana neman har 1.2A, ya fi ƙarfinta. Shawararmu kada ka wuce kashi 70 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Yawancin adaftoci an tsara su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, a Zamfara kuwa daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana haura haka, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar. Zafi shi ke busar da kafasitocin ciki. Moto kuma, a lokacin da zai tashi ko in wani abu ya riƙe shi, yana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da yake sha yana gudu, sai ka bar masa sarari.

Awo uku kafin ka jona komai

Rubutu yana faɗin yadda adafta take ranar da ta bar kamfani ne, mita ke faɗin yadda take yau. Ƙaramar mitar dijital irin ta masu gyaran waya ta isa. Baƙin tsinke a ramin COM, ja a ramin da ke da V da Ω. Ka tabbata jan ba ya ramin 10A, don in yana can ka taɓa bakin adafta da shi, ka yi mata shot kai tsaye.

Awo na farko ana yin sa adafta tana hannu, ba a jona ta ba. Ka murɗa mita zuwa ma'aunin om (Ω) mafi girma. Tsinke ɗaya a haƙorin da ke shiga bango, ɗaya a ƙarfen bakin fita, ka gwada kowane haƙori da ciki da wajen bakin, kuma kada yatsunka su taɓa ƙarfen tsinkayen don mita za ta auna jikinka. Abin da ake so ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, wato ba hanyar wuta tsakanin ɓangarorin biyu. In lamba ta gilma ta ɓace, ba komai. In ta tsaya a ƙasa da om miliyan ɗaya, katanga ta rushe, ka yanke wayar adaftar kafin ka jefar don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Adaftar kwamfuta mai haƙori uku ta bambanta: a da yawansu dogon haƙorin atin a haɗe yake da negatib da gangan. Wannan awon yana kama mummunar lalacewa ne kawai, don batirin mita ƙaramar wuta yake turawa, shi ya sa duban ido na farko bai zama na banza ba.

Awo na biyu, ka jona ta, mita a DC 20V. Jan tsinke cikin ramin tsakiya, baƙi a jikin ƙarfen waje. Lamba ba alamar − a gabanta, tsakiya fozitib ne. In alamar ta fito, a juye take. Adafta mara nauyi mai 12V ya kamata ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6, mai 5V kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Tsohuwar mai nauyi kamar dutse, wadda taransifomar ƙarfe ce a ciki, sau da yawa ba ta da mai daidaita wuta: an rubuta 12V amma ba lodi za ka ga 16V ko 17V, sai an ɗora mata cikakken kaya take saukowa. Lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta, amma kada ka haɗa ta da allo mai laushi kai tsaye. Tana kuma hawa da sauka tare da wutar NEPA.

Awo na uku shi ne da lodi, kuma shi ke tona asirin adaftar da ta gaji. Ga mai 12V, je wurin masu kayan babur ko mota ka sayi ƙwan fitila mai zare. Mai 5W yana shan kusan 0.4A, mai 10W kusan 0.8A, mai 21W kusan 1.75A. Ka zaɓi wanda bai wuce ƙarfin adaftar ba, ka jona, ka auna bolt yana ci. Ga mai 5V, resista 10Ω mai 5W tana jan 0.5A, kuma za ta yi zafi sosai, ka ɗora ta a kan tayil ko bulo. In 12V ta zube zuwa 10V, adaftar ta gama yayi. Ka bar ta rabin awa kana kusa, sannan ka dafa bayanta. Ɗumi ba laifi ba ne. Zafin da ba za ka iya barin hannu a kai daƙiƙa goma ba, ko wari, ko ƙara mai tsini kamar kukan gyare da ba ta tsayawa, duk alamun a bar ta ne. Zaren ƙwai in yana da sanyi yana fizgar wuta da yawa a farko, don haka ƙaramar adafta tana iya yin ƙyafta-ƙyafta ta kasa tada mai 10W, sai ka koma mai 5W.

Wani lokaci za ka taɓa bakin adafta mai lafiya da bayan hannu ka ji ɗan tsikari, ko testa ta yi ja kaɗan. Wata 'yar kafasita ce da aka sa don rage hayaniyar rediyo take zubo wuta ƙasa da rabin 1mA. In abin ya wuce tsikari ya zama fizga, ka daina amfani da ita.

Haɗawa

In za ka iya, kada ka yanke kan adaftar. Ka nemi macen jak daidai da shi, wadda ke da sukurori biyu a baya. Mafi yawa kaurinsu 5.5mm ne a waje, rami kuma 2.1mm ko 2.5mm. Sun yi kama ƙwarai, amma kai mai ramin 2.5mm a kan tsinken 2.1mm yana lilo, wuta tana ɗaukewa tana dawowa. In dole sai an yanke, ka zare daga bango tukuna, ka yanke wayoyin biyu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kamar inci guda don kada bakunansu su haɗu, ka sake aunawa, ka naɗa jan salatif a fozitib. Farin layin da ke jikin waya ba abin dogaro ba ne, wani kamfani fozitib yake nufi da shi, wani negatib.

A kan wayar fozitib ka jera makunni, sai fis na gilashi a cikin gidansa, wanda ya ɗara lodinka kaɗan: lodin 0.6A, fis 1A. Ƙananan adaftoci na zamani sukan kashe kansu in an yi shot kafin fis ya tsinke, amma mai taransifomar ƙarfe ba haka take ba. Adaftar laftof mai 19V 4.74A tana iya mayar da siririyar waya jan garwashi ba ta ji komai ba. Bayan fis, dayod 1N4007 tana kare ka daga juya waya, zoben azurfa yana fuskantar na'ura. Tana ɗaukar 1A, tana cin kusan 0.7V. In lodi ya fi haka ka sa 1N5408 mai 3A, in kuma layin 5V ne ka sa 1N5819 wadda ba ta cin bolt da yawa. Kusa da allo ka gitta kafasita 470µF ko 1000µF mai 25V, ƙafar da ke gefen farin zane a negatib. In ka juya ta, za ta kumbura ta fashe. Moto da rile (makunnin da wuta ke kunnawa) kowanne a gitta masa dayod a bakinsa, zobe yana kallon fozitib, don lokacin da aka yanke musu wuta suna harbo bolt mai yawa baya, shi ke kashe taransista.

A liƙe mahaɗa da dalma, a rufe, a sa komai cikin ɗan akwatin roba, a ƙulla wayar daga ciki yadda in an ja ta ƙullin zai tokare. Waya mai nisa kuma tana cin wuta: tagulla mai kaurin 0.5mm² tsawon mita biyar, zuwa da dawowa mita goma ke nan, tana zubar da kusan 0.7V a lodin 2A. A layin 5V wannan ya isa ya hana allo tashi.

In adaftarka 12V ce kana neman 5V, hanya biyu ce. 7805, 'yar na'ura mai ƙafa uku da ke rage wuta zuwa 5V, tana da araha: ka fuskanci rubutunta ƙafafu a ƙasa, hagu shiga, tsakiya negatib, dama fita. Sai dai rarar bolt ɗin zafi take mayar da shi. Daga 12V zuwa 5V a 0.3A, bakwai sau 0.3, wat 2.1 ke nan, ba za ta jure ba sai an ɗaura mata farantin alminiyam, in ba haka ba ta yi zafi ta kashe kanta. Ɗan allon LM2596 ya fi, yana ɗaukar har wajen 2A ba wani zafi mai yawa. Ka saita shi da mita kafin ka jona na'ura, domin yakan zo yana fitar da kusan duk abin da aka ba shi. A yawancinsu ana murɗa ɗan sukurun tagullan hagu ne don ragewa, kuma yakan yi zagaye goma ko fiye kafin lamba ta motsa, kada ka ce ya lalace. Arduino Uno yana karɓar 7V zuwa 12V ta jak ɗinsa mai tsakiya fozitib, 9V ta fi masa sauƙin zafi. Ƙafar da aka rubuta 5V kuwa, 5V kaɗai take karɓa. Ƙwan LED guda ɗaya ba a jona shi ba resista: ja a 5V ka sa 220Ω, a 12V ka sa 680Ω.

Cajar waya 5V take bayarwa. A kebul na USB ja fozitib ne, baƙi negatib, fari da kore na bayanai, amma kebul mai araha yakan saɓa launi, ka auna. Caja mai saurin caji tana tsayawa a 5V har sai waya ta nemi ƙari. Mai bakin USB-C kuwa ba ta sakin wuta sam sai ta ga resista 5.1kΩ a ƙafafun cikin bakin da ake kira CC, shi ya sa wasu ke yanke kebul su ga sifili su ɗauka ta mutu.

Adafta ba cajar batir ba ce. Batirin 18650 da ake cirowa daga tsohuwar laftof iyakarsa 4.2V, in aka jona shi kai tsaye a 5V yana iya kamawa da wuta irin wadda ke da wuyar kashewa. A sa ɗan allon caji TP4056 mai kariya a tsakani. Batirin babur mai 12V kuma yana son 13.8V zuwa 14.4V kafin ya cika, adafta 12V ba za ta cika shi ba. Kada a haɗa adafta biyu baki da baki don neman ƙarin amfiya, wadda ta ɗara bolt ita za ta ɗauki kayan duka. In allo yana kan adafta ɗaya moto yana kan wata, negatib ɗinsu kaɗai ake haɗewa.

Ɓangaren bango

A soka adafta a soket mai makunni ko ekstenshan mai fis, ta zauna daram. Tura tsirarar waya cikin soket a tokare da ashana, ko barin adafta tana reto rabin haƙori a waje, shi ke kawo tartsatsi da narkewar roba. Kada a ajiye ta a kan katifa ko ƙarƙashin tabarma ko cikin rana. In an ɗauke wuta ka kashe makunni, ka bari ta dawo ta zauna tukuna. In wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, abin da ke shigowa gida yana iya kusantar 400V, alamarsa wasu ƙwai su yi haske fiye da kima wasu su dushe, to ka zare komai. A janareta, sai ya tashi ya daidaita ake jonawa, a kuma cire kafin a kashe shi. Hadari ya haɗo da tsawa, a zare. Da hunturu a riƙa goge ƙura da busasshen tsumma, a cire daga bango kafin a goge.

In allo yana kashe kansa yana tashi duk lokacin da moto ya motsa, ko ESP32, allo irin Arduino mai shiga intanet, yana sake farawa da ya nemi intanet, amfiya ce ta gaza ko waya ta yi siriri. ESP32 yakan fizgi kusan 0.5A na ɗan lokaci, ka ba shi adafta mai 1A ko fiye da gajeriyar waya. In fitila tana ƙyaftawa a jere kamar bugun agogo, adaftar ce ke kashe kanta tana sake gwadawa saboda shot ko lodi ya yi yawa, ka cire kaya ɗaya-ɗaya har ka gano mai laifin. In sifika tana gurnani, kafasitar cikin adaftar ta bushe, ka canza adafta. In kuwa hayaƙi ya tashi, makunnin bango za ka fara kashewa, kada ka zuba ruwa, yashi ake zubawa. Wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu: a kashe wutar, ko a ture shi da busasshiyar sanda, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya.